Kafin Ka Biya Kuɗin Injekta: Shawara Ga Masu Injin Turbo

A tsakanin Madarumfa da Maraɗi, da kan hanyar Ɗan Isa mai ɓullewa Jibiya, motocin turbo da mutum zai ci karo da su yawanci iri uku ne. Akwai Hilux mai shan gazuwal, wadda ta zo da turbonta tun daga kamfani. Akwai tsohuwar Land Cruiser mai injin 1HZ, wadda wasu ke ɗora wa turbo daga baya don ta daina nishi a cikin yashi idan an labta mata kaya. Sai kuma ƙananan motocin fetur irin su Golf da Passat da Audi masu injin 1.8T, waɗanda samari ke kaiwa a taɓa musu kwamfuta, ko a sa musu turbon da ya fi na asali girma.

Ko wacce ce taka, ranar da ta fara hayaƙi ko ta rage ja, abin da za ka fara ji a gareji shi ne, "Alhaji, sai fa an sauya injekta." Wani lokaci gaskiya ne. Amma injekta kaya ce mai tsada, jabunta ya cika kasuwa, kuma idan aka yi kuskure a kanta, da injin take tafiya gaba ɗaya.

Iyakar ƙarfin inji tana ga yawan iskar da ya iya shaƙa. Turbo yana cusa masa iska fiye da wadda zai ja da kansa, injekta kuma ta auno man da zai ƙone da wannan iskar. Aikinta ke nan, awo. A injin fetur, kilo 14.7 na iska ne ke cinye kilo 1 na mai tas. Idan turbo ya fara hurawa sosai, ana ƙara mai har lissafin ya sauko wajen 12 ko ƙasa kaɗan, saboda rarar man tana sanyaya cikin silinda. Mai ya gaza a daidai wannan lokacin, zafi zai hau, inji ya fara ƙwanƙwasa, fiston ya tsage ko kansa ya narke, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi ake gama wannan ɓarnar. Mai ya yi yawa kuma, sai ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ƙasa ya tsinka shi, fulogi ya yi baƙi ƙirin.

To, tambayar farko ita ce: shin wadda ke ciki ta gaza ne da gaske? Ana gane wannan da kason lokacin da take buɗe. A jona na'urar duba kwamfutar mota, a hau titi, a take totur har ƙasa. Idan inji yana kan ganiyar juyawa kuma injekta tana buɗe ƙasa da kashi 80 cikin 100 na lokacin, ba ta gaza ba, ka bar ta. Sau da yawa mai laifin yana baya: famfon mai da ya tsufa, ko filtar da ta toshe, ko wayar famfo da ta ci zafi ta rage masa wuta. A sa agogon awon matsi a kan bututun mai a duba shi mota tana ja, don a tsaye kowane famfo gwani ne. A yawancin waɗannan motocin matsin mai yana hawa tare da hurin turbo. Idan ka ga turbo na hawa, allurar agogo na sauka, laifin yana ga famfo ko filta ko wayarsa. Ko da ka sa injektar da ta fi kowacce a duniya, ba za ta fesa man da bai iso ta ba.

Idan kuwa ta tabbata ta gaza, sai maganar girma. Ana faɗin girman injektar fetur da yawan cc da take zubarwa a minti ɗaya. Ga lissafi mai sauƙi ga injin fetur mai turbo: ka ninka ƙarfin dokin da kake nema da 8, ka raba da yawan silinda. Injin 1.8T yakan zo da doki 150 ko 180, injektocinsa kuma ba su wuce cc 300 da ɗoriya ba. Mai son ya kai shi doki 250 da silinda 4, lissafinsa ya ba shi cc 500, don haka mai 550 ta ishe shi har da sauran numfashi. Idan ka ga an rubuta 52 lb a jikin kwali, awon Amurka ne, ka ninka da 10.5 ka samu cc. Ka kuma tambayi matsin da aka yi awon a kansa. Al'ada ita ce bar 3. Injektar nan dai, idan aka auna ta a bar 4, za ta nuna ƙarin kusan kashi 15 cikin 100, kuma akwai masu sayarwa da ke fakewa da wannan su kumbura lamba.

A nan ne samari ke zamewa. Sai ka ji an ce, tunda za a kashe kuɗi, a sa mai 1,000 kawai a huta. Ba a hutawa. Kowace injekta tana da ɗan jinkiri tsakanin isowar wuta da buɗewarta, wajen kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa, kuma jinkirin yana ƙaruwa idan batir ya yi sanyi. Lokacin da mota ke silo, man da ake bukata ƙanƙane ne ƙwarai, babbar injekta kuwa da kyar za ta buɗe kafin a ce ta rufe. Sakamakon shi ne mota mai rawa a tsaye, mai mutuwa a cikin cunkoson ranar kasuwa, mai warin ɗanyen fetur a salansa. Kuma ka tuna, rayuwar motarka yawancinta a hankali ake yin ta, a bayan amalanke da babura. Gudun da ka sayi babbar dominsa bai fi na 'yan mintoci ba a mako.

Abin da ya fi girman muhimmanci shi ne kwamfutar mota. Ita ba ta ganin mai, lokaci take ƙirgawa. Kamar mai awon hatsi ne da ke ƙirga tiya, aka sauya masa tiyar da babba ba a gaya masa ba: lissafinsa daidai, buhu kuwa ya ƙare tun kafin a kai rabi. Duk wanda ya sa injektar da ta fi ta asali girma, dole a sake rubuta wa kwamfutar sabon girman da kuma jadawalin jinkirin nan a kowane ƙarfin batir. Daga nan ake gane injektar kirki: tana zuwa da takardar waɗannan lambobin. Kamfanonin Amurka irin su Injector Dynamics da DeatschWerks da Fuel Injector Clinic sun yi suna ne a kan haka, suna gwada injektoci, su haɗa waɗanda awonsu ya zo ɗaya, su ba ka takarda. Wadda ba ta da takarda, mai saita maka kwamfuta lalube zai yi ta yi, kai kuma kana biyan kuɗin laluben da fetur da lafiyar inji.

Mai wannan aikin saitin ba a kowane gari ake samunsa ba. Ka nemo shi kafin ka sayi kaya, ka tambaye shi wace injekta ya saba aiki da ita, ka sayi wannan. Idan ba ka same shi ba, shawarata ita ce ka tsaya a girman asali, ka rage wa turbo huri. Ka kuma yi hattara da saitin da ake saukowa da shi daga intanet. Yawancinsa an rubuta shi ne don fetur mai lamba 98 da iskar Turai mai sanyi. Mu nan a Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, iska mai zafi kuwa tana saurin jawo ƙwanƙwasa, fetur ɗinmu ma bai kai wancan ba. Ka ce wa mai saitin ya bar maka sarari. Doki 20 da ka haƙura da su sun fi fiston huɗu araha.

Sauran abubuwan dacewa ba su da wuya, mita da ido sun isa. A ɗora mita a kan ƙafafun injektar biyu. Yawancin motocin zamani suna aiki da mai om 12 ko kusa da haka. Akwai wata iri mai om 2 zuwa 3, idan aka jona ta a kwamfutar da ba a yi don ita ba, tana iya ƙona ta. A gwada tsawo da na tsohuwa, da faɗin zoben roba, wanda yakan zama milimita 11 ko 14, da kuma bakin soket. Kada ka yarda a yanke waya a murɗa a naɗe da salatif a kusa da fetur, akwai 'yan sokets na haɗi da aka yi don haka. Motocin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda kuwa, irin su TSI da EcoBoost, matsinsu ya haura bar 100, kuma wannan lissafin duk bai shafe su ba. A sa musu irin tasu ta asali kawai.

Sai babbar matsalar, jabu. Masu ƙera injektar asali ba su da yawa: Bosch da Denso da Delphi da Keihin, da Siemens wadda daga baya sashenta na kayan mota ya koma hannun Continental. Waɗanda aka fi nema su ne aka fi kwaikwaya. Koriyar Bosch mai cc 440, mai lamba 0280155968, da Siemens Deka mai 630, duk wanda ya daɗe a harkar ya san na bogi sun yi yawa. Kwali ba shaida ba ne, masu jabu ma sun iya buga kwali da tambari. Farashi yakan tona asiri: idan an ce maka saitin huɗu sababbi dal a kuɗin da ya kamata a sayi ɗaya, araha ba ta ado. Ka duba rubutun jikinta ko ya fita tsaf, ka leƙa 'yar rariyar da ke bakin shigar mai, ka duba ƙananan hudojin fesawa ko girmansu ɗaya. Duk wannan taimako ne kawai. Hukuncin yana kan teburin gwaji.

Idan ba ka taɓa tsayawa a kan wannan teburin ba, ka je ka gani. Ana jera injektocin a sama, kowacce da dogon bututun gilashi mai zane-zanen awo a ƙarƙashinta. Da farko a ba su matsi ba a buɗe su ba, ka sunkuya ka zuba wa bakin kowacce ido. Bai kamata ka ga ɗigo yana taruwa ba. Sannan a kunna, su fara ƙas-ƙas-ƙas. Lafiyayya tana fitar da hazo mai laushi, mai siffa ɗaya kowane bugu. Marar lafiya tana tsarto da zare ɗaya, ko ta karkata gefe tana jiƙa gilashi. Idan an tsaya, ka durƙusa idonka ya zo daidai da ruwan, ka dubi bututun huɗu. Saiti mai kyau, bambancinsa ba ya wuce kashi 2 ko 3 cikin 100. Ka sa a maimaita da gajeren bugu irin na silo, don a nan jabu ke fallasa: a dogon bugu su zo kusan ɗaya, a gajere ɗaya ta cika, ɗaya ta tsaya a rabi. Wannan bambancin ne ke kashe inji a ɓoye, saboda na'urar da ke salansa tana ganin jimillar silinda huɗu ne, ta ce komai lafiya, alhali ɗaya tana ƙonewa da ƙishi.

Saboda haka, ko a Maraɗi ka saya, ko ka tsallaka Ƙofar Ruwa a Kano inda za ka ji ana ce mata nozul, ko ka aika Ladipo a Legas, ka yi ciniki da sharaɗi tun farko: "Maigida, zan kai gwaji, idan ta faɗi zan dawo maka da ita." A rubuta a rasit, har da lambar kowacce. Mai kayan kirki ba ya tsoron wannan sharaɗin. Ni a wurina, 'yar Beljiyam ta asali da aka wanke aka gwada ta fi sabuwa fil da ba a san uwarta ba. Wadda zan ce ka guda ko da kyauta ce, ita ce wadda aka cire wa hular baki ko aka faɗaɗa hudojinta da hannu don ta ƙara zubarwa.

Masu Hilux, lamarinku ya fi tsada, kuma ya fi saurin hukunci. Injin 2KD mai lita 2.5 da 1KD mai lita 3.0 suna aiki da injektocin Denso a matsin da ya haura bar 1,300, sababbin injina ma sun wuce 2,000. Lambar Toyota ta waɗannan injektocin tana farawa da 23670, amma wutsiyar lambar ta bambanta daga shekara zuwa shekara, don haka da lambar jikin motarka za a nemo, kada a ce maka "ai duk ɗaya ne." Yawancinsu suna ɗauke da wata lamba mai haruffa 30 a ka, wadda ke faɗa wa kwamfuta halin wannan injektar ita kaɗai. Dole a shigar da ita da na'ura, kowacce a silindarta. Makaniken da ya ɗaura ya ce ka tafi ba tare da ya jona na'ura ba, bai gama aiki ba. Kafin ma a kwance, a duba gyaran da kwamfuta ke yi wa kowace silinda a silo. Littafin gyaran Toyota ya sa iyakar a 3 sama ko ƙasa. Wadda ta wuce nan ita ce abin zargi.

Akwai kuma wani ɗan zoben jan ƙarfe da injektar ke zama a kansa, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma ya kashe injinan 1KD da dama a ƙasashe daban-daban. Idan ya fara yoyo, hayaƙin ƙonewa yana biyo gefen injektar ya shiga cikin baƙin mai, ya zama wani daskararren kwalta, ya je ya toshe rariyar da famfo ke jan mai ta cikinta a ƙasan inji. Daga nan sai inji ya buga. Idan an zaro injekta ka ga jikinta da wannan baƙin danƙo mai tauri, ka sa a sauke kwanon ƙasa a duba rariyar. Kuma duk lokacin da aka zaro injekta, sabon zobe ake sawa, a share mazauninsa, a ɗaure da sifanar awo. Game da masu tallar "babban baki" don ƙarin ƙarfi: ɗan ƙarin da yawancin mutane ke nema, injektar asali mai lafiya tana iya bayarwa. Baƙin hayaƙin da wasu ke alfahari da shi gazuwal ne da bai ƙone ba, kuma yana tafe da zafin da ke tsaga fiston.

Injin 1HZ, wanda ya fito a 1990 da lita 4.2 da silinda 6 da doki wajen 130, ba shi da kwamfuta, kuma ba a ƙera shi don turbo ba. Matsewar silindarsa ta haura 22, fistonsa kuma bai kai na ɗan'uwansa 1HD-T juriya ba. Wanda ya ɗora masa turbo ba ya bukatar wata babbar injekta. Ya kai nasa wurin masu famfo a gwada su a famfon hannu, su buɗe a wajen bar 150, su yi feshi mai kyau ba ɗigo, a sa sabon baki na Denso idan ya cinye. Ya bar hurin turbo ƙasa-ƙasa, rabin bar zuwa 0.7, kada ya bari a yi ta murɗa sukurun mai a famfo, ya kuma sa agogon zafin hayaƙi a gaban turbo. Idan allura ta doshi digiri 650 a kan doguwar ja, ya ɗaga ƙafa. Wani gargaɗi ga yaran gareji: kada wanda ya tara hannu a gaban feshin injektar dizal, yana huda fata ya shiga nama, kuma kada a sassauta bututun Hilux inji na aiki.

Duk wannan kashe kuɗin banza ne idan man da za ta sha ba shi da tsabta. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 akwai man gida, amma a garuruwan bakin iyaka 'yan ruwa-ruwa sun daɗe suna rufa wa masu abin hawa asiri, musamman kafin Najeriya ta janye tallafin fetur a Mayun 2023. Ba zan ce man kwalba duk gurɓatacce ne ba, kuma gidan mai ma ba tsira ba ne: a Fabrairun 2022 fetur mai yawan metanol da aka shigo da shi Najeriya daga Beljiyam ya lalata motoci, kuma ta gidajen mai ya bi. Matsalar man gefen hanya tana ga hanyar da ya biyo, jarkar da ta ɗauki gazuwal jiya ta ɗauki fetur yau, mazurarin da ya kwana a ƙasa cikin ƙurar hunturu, ganga da ta sha raɓa da damina. Ratar da ke cikin injektar Hilux ba ta wuce 'yan mikron ba, gashin kai kuwa yana wajen mikron 70. Ƙurar da idonka ba ya gani ta isa ta goge ta, ruwa kuma ya sa mata tsatsa.

Idan dole ta sa ka sha na kwalba, ka zuba kaɗan a kwalbar gilashi mai tsabta, ka ajiye ta 'yan mintoci, ka ɗaga ta wajen haske. Ruwa ya fi mai nauyi, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa, ko ya yi 'yan ƙwallaye masu gangarawa idan ka karkata kwalbar. Ka riƙa yawo da mazurarinka mai rariya a cikin leda. Mai dizal ya ƙara filta ta biyu mai raba ruwa, mai mikron 2 zuwa 5, ya riƙa tsiyaye ta, kuma idan fitilar ruwa ta kama a gaban direba ya tsaya nan take. Mai fetur ya nemi filta mai mikron 10, ya daina yawo da tanki a ƙasa, don man da ke ciki shi ke sanyaya famfo. Ranar da za a ɗaura sababbin injektoci, a sauke tanki a wanke, a busa bututu, a sa sabuwar filta, a shafa wa zoben roba ɗan mai kafin a tura. Bayan an tayar, a bar na'ura a jone a ga gyaran man da kwamfuta ke yi. Idan ya wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa, akwai sauran aiki, kada a take totur tukuna.

Tsofaffin injektocin kada ka bar su a gareji. Ka sa a wanke su, a rubuta lambar silindar kowacce, a toshe bakunansu, a ɗaure su a leda mai tsabta. Ka kuma karɓi kwafin saitin kwamfuta na asali daga hannun wanda ya taɓa ta, ka adana a waya ko a filashi. Ranar da ɗaya daga cikin sababbin ta mutu kana Gabi ko Safo, kuma madadinta sai an yi odarsa daga waje, da waɗannan biyun ne za a mayar da motar yadda kamfani ya yi ta, ka ci gaba da aiki kafin kaya su iso.